Jawabi Kan Neman Likita Na Biyu Ga Tsohon Da Ciwon Daji Ya Kama

Wanda anka yi a Tambuwal, gaban malamai da almajirai na ƙasar Tambuwal da Kebbe

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya rarraba sani tsakanin bayinshi, bai tara shi ga mutum guda ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayenshi, da sahabbanshi baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai, ya ku almajirai, ku sani dalilin wanga jawabi shi ne, ku ne farkon waɗanda mutane ke zo ma idan cuta ta sauka gidansu. Mutumin Kebbe ko Kuchi, ko na Sanyinna, ko na Jabo, ko na Dogon Daji, kafin shi taka ƙofar asibiti sai ya biyo ta zauren malam, in ya komo daga asibiti nan za shi sake zama. Sai shi ce, "Malam, likita ya ce tsohona ciwon daji gare shi, ya ce a yi mishi kaza. Mu yarda, ko mu nemi wani likita?" Abin da malam ya faɗa cikin wagga sa'a shina iya zama sababin sauƙi, shina kuma iya zama sababin wahalar watanni da asarar gona.

Amsa a taƙaice ita ce, neman ganin likita na biyu ba laifi ba ne, wani lokaci ma shi ne mafi kyau, amma bisa sharaɗi huɗu: shi zama masanin wanga fanni, a tai mishi da takardun na farko, a gaggauta, kuma a yi da sanin mai jiki. Zan bayyana su, bayan na ba ku labarin abin da ya faru gidanmu, zama ni ban yi boko ba, abin da na sani cikin wanga babi a bakin likitoci na ɗauke shi, ina zaune gefen gadon mahaifina.

Fasali na farko: abin da ya same mu

Cikin daminar 2022 mahaifina, Allah shi jiƙanshi, shina da shekara 74, fitsari ya fara mishi wuya. Shina tashi sau biyar, sau shida cikin dare. Bai faɗa ma kowa ba don kunya, sai da kwankwaso ya kama shi da ciwo har ya kasa duƙawa a gona. Munka ce sanyi ne. Munka yi jiƙe-jiƙe, munka yi shafe-shafe, ni da hannuna na yi mishi rubutu. Wata huɗu munka yi haka. Ranar da fitsari ya tsaya cik, ranar munka ɗauke shi zuwa wani asibiti, anka sa mishi roba, ya samu sa'ida.

Anka ɗebi jini anka yi wani awo da ake ce ma PSA. Anka ɗebo ɗan nama da allura anka kai ɗakin bincike. Anka ɗauki hoton ƙashi. Da munka koma, likita ya ce daji ne, ya kuma kai ga ƙashin baya, magani shi ne a yi aiki a cire 'ya'yan maraina. Mutane sun cika bakin ƙofa suna jira, maganar duka ba ta kai tsawon alwala ba. Kuma laifin ba na likita kaɗai ba ne. Ni ɗan fari ne, mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, yaya zan zauna gabanshi ina tambaya kan al'aurarshi? Na sunkuyar da kai, shi ma ya sunkuyar, munka fito ba wanda ya tambayi komi.

Da munka iso gida ya ce ma baffanmu, "Bayan shekara 74 za a fiɗiye ni kamar bunsuru? Ku bar ni in mutu yadda Allah ya halicce ni." Gida ya rabu uku. Ƙanena ya ce akwai mai magani a wani gari da ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana 40. Goggonmu ta ce daji ba ya son ƙarfe, allurar da anka soka ma ita ta tada shi. Ni na ce mu nemi wani likita mu ji.

Munka karɓo takardu duka, munka tai wani babban asibiti, wurin likitan da aikinshi ke nan. Wanga karo na bar baffanmu ya shiga da shi, tare da wani almajirina da ke karanta boko, shina rubuta abin da anka faɗa. Likita na biyu ya duba takardu, ya sa anka sake duba naman, sa'an nan ya ce, "Baba, abin da likitan farko ya faɗa gaskiya ne." Bai soke ko harafi guda ba. Amma ya yi abin da ba a samu yi ba da farko, ya bayyana dalili.

Ya ce akwai wata 'yar tsoka kamar ƙaramin goro ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta bi ta tsakiyarta, suna ce mata furostet. Dajin da ke kama ta shina rayuwa ne da wani sinadari da maraina ke zubawa cikin jini, kamar yadda wuta ke rayuwa da icce. In an yanke mishi wanga sinadari sai shi lafa. Wani likita a Amurka, Charles Huggins, shi ya tabbatar da haka cikin 1941, har anka ba shi lambar Nobel cikin 1966. Hanyar yankewa biyu ce. Ko a yi aiki sau guda a gama, ko a riƙa yin allura, wata kowane wata, wata kowane wata uku, wadda ke hana maraina zubo sinadarin. Amfaninsu ga ciwon daidai yake. Aiki ba shi komawa baya, amma kuɗinshi sau guda ne. Allura ba ta taɓa halitta, amma tana son kuɗi da tafiya muddin rai. Ya kuma ce ko wanne anka ɗauka ba warkarwa ba ce, dannewa ce, tana iya kai shekara ko shekaru, sa'an nan ciwon shi sake motsi a nemi wani magani.

Mahaifina ya zaɓi allura. Cikin makonni ciwon baya ya sauka, daga baya anka cire roba, ya koma masallaci da ƙafarshi. Anka yi mishi sau uku. Sa'an nan kuɗin magani ya hau bayan faɗuwar naira cikin 2023, ya ga mun sayar da shanun huɗa, ya kira baffanmu ya ce, "Ku kai ni a yi aikin nan. Yanzu na san abin da ake nufi da shi, kuma ba ni cin gonar marayu da allura." Abin da ya ƙi da farko shi ya nema da bakinshi. Ya rayu har cikin 2025, ya biya basussukanshi, ya yi wasiyya, ya ga auren jikokinshi biyu.

Ku lura, likita na biyu bai kawo sabon hukunci ba, fahimta ya kawo. Abin da ya cuce mu kuwa ba kwanaki 12 da munka yi wurin neman likita na biyu ba ne, watanni huɗun nan ne na farko.

Fasali na biyu: cewa sake tambaya ba raini ba ne

In ka ce, ai zuwa wurin wani likita tozarta na farko ne, sai in ce maka, dubi abin da muke yi cikin karatunmu. Alaramma in ya rubuce Alƙur'ani da ka, ko da ya kai gwani, ba shi ba da shi sai ya kai ma wasu mahardata sun bi shi harafi harafi. Mai kwafar littafi in ya ƙare sai shi yi muƙabala da wani kwafi. Ba wanda ya taɓa cewa an raina marubuci. An dai san ido guda shina tsallake layi. Alƙali ma in shari'a ta shafi rauni ko aibi na jiki, masana wanga abu yake kira su duba, ba shi dogara ga ganin kanshi.

Kuma muna da abin koyi nan ƙasarmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ɗan'uwan Muhammadu Buhari da ya zauna wanga gari na Tambuwal, masanin ɗibbu ne, ya wallafa littattafai cikinshi, akwai na ciwon ido, akwai na basir. Duk da haka, da Baturen Ingila Kilafaton ya zo Sakkwato cikin 1824, cikin abin da Bello ya nema ga Sarkin Ingila har da a aiko da likita shi zauna Sakkwato. Wanda ya san magani da kanshi bai ga ƙasƙanci cikin neman sanin wani ba, balle mu.

Likitoci ma tsakaninsu haka suke yi. A manyan asibitoci likitan fiɗa, da likitan gashi, da mai duba nama, da mai karanta hoto, suna zama wuri guda su tattauna al'amarin majinyaci guda kafin su yanke. Likitan kirki ba shi fushi in ka ce mishi da ladabi, "Likita, mun gode, muna son mu ji ta bakin wani, a taimake mu da takarda." Mafi yawansu da hannunsu za su rubuta maka inda za ka.

In ka ce wanga ya saɓa ma tawakkali, sai in ce, manomi shina huɗa, shina shuka, shina noma, sa'an nan shi jira ruwa daga Allah, ba mu ce mishi marar tawakkali. Riƙon sababi daban, dogaron zuciya daban. Mu yi addu'a, mu kuma ɗauki tsoho mu kai shi.

Fasali na uku: rarrabewa tsakanin neman sani da neman abin da rai ke so

Nan ne tarko yake, ku saurara. Malamanmu na fiƙihu sun rarrabe tsakanin mutum biyu. Na farko ya tambayi malami, zuciyarshi ba ta natsu ba, ya tai ga wanda ya fi shi sani don shi gane gaskiya. Wanga abin yabo ne. Na biyu ya ji hukunci bai yi mishi daɗi ba, sai shi riƙa zagaya zaure zaure har shi samu wanda zai halatta mishi abin da yake so. Wanga shi ne bin rangwame, kuma abin zargi ne.

Haka al'amarin yake cikin jinya. Wanda ya bar likita ya tai ga likita don shi gane ciwon, mai neman sani ne. Wanda ya bar likita ya bi duk mai cewa "ba daji ba ne, jifa ne", ko "ba sai an yi aiki ba, kawo kaza in warkar", mai bin rangwame ne. Zai samu abin da kunnenshi ke so, amma ciwon ba shi jiran kowa.

Alamar mai gaskiya uku ce. Shina neman takardu kafin shi yi magana. Shina faɗa maka amfanin magani da cutarwarshi tare. Ba shi ɗaukar alkawarin warkarwa da adadin kwanaki. Wanda bai dubi takarda ba, bai ambaci wata illa ba, ya kuma sa ranar warkewa, ku riƙe kuɗinku, ko da farar riga ta likita ya sa, ko rawani.

Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe kuwa, ku gane asalinta. Mutanenmu ba su kai majinyaci asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinshi. A yi mishi allura ko aiki, shi cika bayan mako biyu, sai a ce ƙarfe ya kashe shi, alhali jinkiri ne. Ɗebo nama da allura shi ne hanyar da ake tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba ne. Kuma ku sani ba duk wahalar fitsari ga tsoho ce daji ba. Tsokar nan tana kumbura don tsufa kaɗai ga maza da yawa, awon PSA ma shina hawa ba tare da daji ba. Don haka wanda ya ƙi a duba nama, ya yiwu shina tsoron abin da babu, ya yiwu kuma shina kwana da abin da ke cin shi.

Wanga ciwo ba baƙo ba ne. Hukumar binciken daji ta duniya ta ƙiyasta cikin 2022 mutum fiye da 127,000 sunka kamu a Nijeriya, fiye da 79,000 sunka rasu. Wanda ya fi kama mata shi ne na nono, sa'an nan na bakin mahaifa. Wanda ya fi kama maza shi ne wanga na furostet. Abin da nike faɗa kan uba, haka yake kan uwa.

Fasali na huɗu: yadda ake yi

Na farko, abin ɗauka. Kada ku tai hannu sake, zama likita na biyu in bai ga aikin na farko ba sai shi faro daga tushe, kuɗi su ninka, kwanaki su tafi. Ku karɓi takardar turawa daga likitan farko. Ku karɓi sakamakon jini, da hotuna su kansu tare da bayaninsu, da takardar binciken nama. Ku tara kwalayen duk maganin da tsoho ya sha, har na gargajiya ku faɗa, kada ku ɓoye, don wani sassaƙe shina taɓa ƙoda ko hanta, likita shina buƙatar sani. Kuma ga wata fa'ida da mutane da yawa ba su sani ba: naman da anka ɗebo ba a zubar da shi. Ana daskarar da shi cikin kaki, a yanka siriri a ɗora bisa gilashi a duba da madubin ƙara girma, sa'an nan a ajiye. Ana iya neman aron gilashin ko kakin a kai ma wani masani shi sake karantawa, ba sai an sake soka ma tsoho allura ba. Wagga ita ce muƙabala ta gaskiya.

Na biyu, abin tambaya. Ku rubuta shi ga takarda tun daga gida, ko da ajami, don gaban likita kai shina ɗaurewa. Wane irin daji ne? Mai saurin tafiya ne ko mai nawa? Ga na furostet akwai lamba da ake ce ma Gleason, daga 6 zuwa 10, mai yawa ya fi zafi. Shina wurinshi ko ya bazu? Maganin nan don warkarwa ne ko don dannewa da rage zafi? Hanyoyi nawa ne, mene ne wahalar ko wacce, nawa ne kuɗinta daga farko har ƙarshe, sau nawa za a zo? In ba a yi komi ba mi zai faru? Wagga ta ƙarshe ba wauta ba ce, domin ga tsoho mai yawan shekaru da dajin furostet mai nawa wanda bai bazu ba, wani lokaci likitoci da kansu suna zaɓar sa ido da awo lokaci lokaci. Kuma ku tambaya, jikin wanga tsoho, da hawan jininshi ko ciwon sukarinshi, shina iya ɗaukar wanga magani? Shekaru kaɗai ba su ne ma'auni ba. Wani mai 80 shina noma, wani mai 65 ba shi tashi.

Na uku, inda za a. Mafi kusa gare mu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kusan kilomita 100 daga nan, ta Shagari da Bodinga, akwai likitocin mafitsara da sashen daji da gashi. Ta Jega kuma akwai babban asibitin tarayya a Birnin Kebbi. In an buƙaci nesa, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano, da Asibitin Ƙasa a Abuja. Kafin ku tashi ku bincika ranar da likitan fannin ke ganin mutane, in kuma gashi ake nema ku tabbatar na'ura tana aiki, domin ko'ina na'ura takan tsaya. Kun san halin hanyoyinmu, ku yi tafiyar rana. Kuma ba dole a wahalar da tsoho da kowace tafiya ba, wani lokaci ɗa shina iya fara kai takardu shi ji ko ana buƙatar ganin mai jiki.

Na huɗu, kuɗi. Cikin 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe wani asusu don taimakon marasa ƙarfi masu dajin nono, da na bakin mahaifa, da na furostet, asibitin Shika shina cikin shida da anka fara da su. Ku tambayi ofishin jin daɗin majinyata na asibitin da kunka je ko ana iya shiga. Kuma ku yi lissafi tun farko, kada kuɗin magani su ƙare cikin kuɗin mota.

In likitoci biyu sunka dace, magana ta ƙare, ku koma ga wanda ya fi kusa ku fara magani, kada ku nemi na uku. In sunka saɓa, ku tambayi ko wanne dalilinshi, ku kai ma na farko abin da na biyu ya rubuta. Sau da yawa za ku ga ba saɓani ba ne, hanya biyu ce zuwa gari guda. Kuma ku sa ma kanku iyaka, mako biyu ko uku, kada shi zama watanni.

Fasali na biyar: inda ba a jira

Akwai halin da neman likita na biyu ba shi da wuri, sai asibiti mafi kusa cikin wannan yini. In fitsari ya tsaya. In mai ciwon baya ya ji ƙafafunshi sun yi nauyi ko sun mutu, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, zama wanga alama ce ciwon ya danne lakar baya, in an yi jinkiri ƙafa ba ta komowa. In jini shina zuba bai tsaya ba. In numfashi ya yi wuya, ko hankali ya gushe, ko zazzaɓi ya kama wanda ake ma ƙarin ruwan maganin daji. Haka kuma maganin zafi ba shi jiran ra'ayin kowa. Akwai magunguna masu ƙarfi da likita ke rubutawa, har da mofin na sha, ku nema, kada ku bar tsoho shina kwana shina nishi kuna cewa sai mun ji daga Zariya.

Fasali na shida: haƙƙin mai jiki

Wanga shi ne sharaɗin da munka fi tauyewa. Ɗiya su taru a zaure su yanke, tsoho shina ɗaki bai san sunan ciwonshi ba. Muna kiran haka tausayi. Amma mai ɗaki shi ya san inda ke mishi yoyo. Jikin nashi ne, shi zai ɗauki zafin aiki, shi zai yi tafiyar. Kuma shina da bashi da amana da wasiyya da neman gafara, waɗanda in an ɓoye mishi sai lokacinsu shi wuce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta ɗora ma likita shi sanar da majinyaci halin lafiyarshi, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da cewa shina da ikon ƙi, kuma da harshen da yake ji. Don haka ku ce a yi mishi bayani da Hausa ko Fillanci, ba roƙo ba ne, haƙƙi ne.

Faɗa kuwa tana da ladabi. A zaɓi wanda yake sakewa da shi, ƙaninshi ko amininshi, ga uwa kuma 'yar'uwarta ko ɗiyarta. A faɗa da taushi, gwargwadon abin da yake son ji, ba a yanke mishi ƙauna, ba a kuma yi mishi ƙarya. In kunya ta hana ɗa zama, shi fita, amma shi bar wanda zai tambaya. Kunya alheri ce, sai dai kada ta zama sababin a fito ɗakin likita ba a gane komi ba, kamar yadda ta same ni.

Ku kuma malamai, akwai abin da likita ba shi iya warwarewa sai ku. Mahaifina abu biyu sunka dame shi fiye da mutuwa. Na farko, ko sallarshi ta inganta da roba a jiki. Na gaya mishi hukuncin mai yoyon fitsari a mazhabarmu, cewa abin da ya lizimci mutum mafi yawan lokaci ba shi warware alwala, ya yi salla da natsuwa. Na biyu, ko cire maraina canza halitta ne. Munka bayyana mishi cewa abin da anka hana shi ne fiɗiya ba da lalura ba, amma cire gaɓa don magani bisa faɗar masana, hukuncinshi hukuncin yanke ƙafar da ta ruɓe ne. Da waɗanga biyu sunka sauka daga zuciyarshi, sauran ya yi sauƙi.

In kuma tsoho, bayan ya ji ya gane, ya ce shi ya gaji, a rage mishi zafi a bar shi gida cikin jikokinshi, kada ku tilasta shi don mutane su ce kun yi ƙoƙari. Biyayya ga iyaye ba yawan asibitocin da anka zagaya ba ce. Ku koma ga likita shi tsara muku maganin zafi da kulawar gida, wanga ma jinya ce.

Rufewa

Ya ku 'yan'uwa, in wani ya zo zaurenku gobe da wagga tambaya, ku yi mishi addu'a, sa'an nan ku tambaye shi abu huɗu. An duba nama? Takardu suna hannunka? Wurin wa za ka, masanin fannin ne? Tsoho ya sani? In ya amsa, ku ce mishi tashi yau, kada ka kai jibi. In kuma kun ga tsoho cikin sahu shina yawan fita kama ruwa, ko ya rame ba dalili, ko kun ji wata uwa tana ɓoye ƙullutu a ƙirji, ku aika wanda zai yi magana da su cikin sirri. Watanni huɗun da na yi ina wanke allo ban ce a tai asibiti ba, har yau suna cikin abin da nike neman gafarar Allah a kai.

Allah shi ba marasa lafiyarmu lafiya, shi jiƙan iyayenmu da sunka rigaye mu, shi ba mu ikon kyautata ma waɗanda ke raye, shi saka ma masu jinya da likitoci da alheri. Wanda ya karanta wagga takarda shi karanta ma wanda bai iya ba.